Maganar Ƙarshe ta Tsohon Bunsuru

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wani tsohon Bunsuru mai son yabo. Abu ɗaya ke hana shi sakewa. Maƙwabcinsa Rago, da zai cika, maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Wa ya yi tusa a ɗakin nan?" Da ita ake tuna shi, ko kaji dariya suke yi. Bunsuru ya rantse shi ba za a yi masa haka ba. Ya yi damina guda yana tsara tasa maganar, yana gwada ta a bayan rumbu.

Rannan zazzaɓi ya kayar da shi. Ya sa matarsa Akuya ta tara dangi. Ya shafa gemu, ya yi gyaran murya, ya ce, "Na zo duniya da gemuna, zan koma da girmana."

Dangi suka ce lallai magana ta yi magana. Aka ɓarke da kuka. Ya rufe ido yana jiran mutuwa.

Mutuwa ba ta zo ba. Zazzaɓin ma ya sauka. To ga inda ta ɓaci: in ya ƙara buɗe baki, waccan ta tashi daga zama ta ƙarshe. Sai ya yi gum.

Kurege ya zo dubiya, ya ga ido ɗaya na leƙe ta ƙasan bargo, ya gane komai.

Ya ce, "Baba, sannu da jiki. Bargon nan ba da shi za a binne ka ba. In ba ka ba ni ba, yi magana."

Bunsuru gum.

Kurege ya ce, "Kun gani, ya yarda." Ya yaye bargo ya tafi.

Ya dawo ya ce, "Baba, in ka tafi, ni zan auri Inna Akuya. In ba ka ba ni ba, yi magana."

Akuya ta ce, "Malam, kana jin ɗan banzan nan? Malam?"

Bunsuru gum.

"Kun gani, ya yarda."

Akuya ta daɗe tana kallon mijinta. Ta ce, "To, madalla."

Kurege ya sake dawowa, ya tarar da ƙwaryar dusa an dama da kanwa, tana ƙamshi a gefen shimfiɗa. Ya ce, "Baba, mai mutuwa ba ya cin dusa. In ba ka ba ni ba..."

Bai rufe baki ba Bunsuru ya yi zumbur ya miƙe. "Ajiye min dusata, ɓarawo!" Ya cusa kai a ƙwarya, yana haɗiya ba tauna. Ashe mutuwar da yake ta jira a gindin ƙwaryar take zaune. Ya shaƙe, ya shure ƙafa, shi ke nan.

Masu gaisuwa suka cika gida suna tambaya, "Me ya ce da zai cika?"

Dangi suka fara, "Ai cewa ya yi ya zo da gemunsa..."

Akuya ta ce, "A'a, ina wurin. Da aka nemi aurena ko tari bai yi ba. Cewa ya yi a ajiye masa dusarsa." Ta juya ga Kurege. "Kai kuma riƙe bargon ka ɓace min, ko gwiwata ba ka kai ba."

Tun daga ranar nan Rago ya huta a kabarinsa, dariya ta koma gidan Bunsuru.

Ku da kuke washe baki, ku ji ni. Ba a zaɓen maganar ƙarshe. Abin da zuciya ta fi riƙewa shi ke fitowa, ko mutum ya so ko ya ƙi. Saboda haka ku gyara maganar yau.

Kurunkus, kan kurege da bargonsa.