Magajiyar Suda da Sarƙaƙiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai a wani kurmi akwai Magajiyar suda, tsuntsuwa mai zaƙin murya. Ita ke zaɓa wa danginta wurin sheƙa kowace damina. Tun kaka da kakanni a sarƙaƙiya suke yi, ƙasa-ƙasa, cikin ƙaya. Kullum da safe sai ta rera, "Su wa suka kwana?" Dangi su amsa, "Mu ne, mu ne!" har kurmi ya ɗauka.

Rannan shamuwa ta leƙo daga kan kuka ta ce, "Mai murya irin taki, kina kwana cikin ƙaya kamar bushiya?"

Shi ke nan fa, magana ta shiga Magajiya. Ta ce a tashi. Kowa ya bi ta, ban da ƙanwarta Tabawa.

"Yaya," in ji Tabawa, "ƙayar nan ita ce ƙyauren ɗakinmu."

"To zauna, baƙauya."

Suka yi sheƙa a kan kuka. Shaho ya samu tuwo a buɗe, ya kwashe 'ya'yan. Da safe ta rera, rabi suka amsa. Ta ce mura ce.

Wata damina suka koma bakin gona. Manomi ya yi sassabe, ya sa wuta. Ta rera, bakwai suka amsa. Ta ce barci ne.

Damina ta uku suka koma bakin rafi. Ruwa ya zo ya tafi da sheƙa, har da ƙwanta. Ta rera, "Su wa suka kwana?" Shiru. Ta sake. Shiru.

Sai can daga nesa, daga tsohuwar sarƙaƙiya, ta ji, "Mu ne, mu ne!" Jikokin Tabawa ne, sun cika ƙaya maƙil.

Kunya ta rufe Magajiya. Ta kasa tashi sama, da ƙafa ta tako, kai a sunkuye.

"Tabawa, ba ni wuri, ko da reshen ƙasa ne."

"Shigo, Yaya. Ina sauran?"

Magajiya ta kau da kai. Ta kutsa can cikin ƙaya inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa har yau za ku ji suda na waƙa, ku duba ku duba, ba ku gan ta ba.

Kada dariyar wani ta raba ku da gidan da ya raya ku.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta koma kurmi, kowa ya riƙe rabonsa.