Haƙorin Alhaji Hudu

Akwai wani attajirin hatsi da aka yi a wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, gab da samun 'yancin kai, sunansa Alhaji Hudu. Mutum ne mai son a kalle shi. Tun yana saurayi jaki ya harbe shi ya fitar masa da haƙorin gaba, ya yi shekaru yana dariya da hannu a baki. Da ya je Makka sai ya dawo da haƙorin zinariya a gurbin. Daga ranar ba a sake ganin bakinsa a rufe ba, ko a wurin ta'aziyya.

A bayan ƙauyen akwai Tafkin Dinya. Da can ƙorama ce da ke ƙafewa da zarar an gama girbi. Ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya ta wancan lokaci, suka zo suka tare ta da doguwar ganuwar ƙasa, jama'a suka yi gayya aka daɓe. Ruwa ya zauna har ƙarshen rani. Tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya suka mayar da wurin gida, gauraka na sauka da yamma, barewa na fitowa daga daji ta sha. Dagaci ya hana farauta a wurin.

A gefe ɗaya na ganuwar an bar wani wuri a kwance, aka shimfiɗe shi da duwatsu. Ranar da aka gama aiki, shugaban ma'aikatan ya tara kowa ya yi bayani. In tafki ya cika, ta nan rarar ruwa za ta fice ta koma tsohuwar ƙorama. In babu wannan hanya, ruwa zai hau kan ganuwar, ita kuwa ƙasa ce, zai cinye ta. Kowa ya ji. Mutane suka sa wa wurin suna giɓi.

Da aka zo naɗa mai kula da tafkin, Alhaji Hudu ya yi ta zirga-zirga gidan dagaci har aka ba shi rawanin Wakilin Tafki. Aikin ba mai wuyar ganewa ba ne. Kafin damina ya kira gayya, a share giɓi, a toshe ramukan gafiya, a sare duk ƙaramin icen da ya tsiro a jikin ganuwa kafin saiwarsa ta yi nisa. Alhaji ya riƙe rawanin da kyau. Aikin ne dai bai taɓa samun lokacinsa ba.

Daga gabashin tafkin akwai rugar wani Bafillatani mai suna Jibo. Saboda ruwan nan ya daina tafiya kudu da rani. Mahaifiyarsa, Inna, ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi. Ranar da suka kafa bukkoki a nan ta ce masa, “Jibo, na hau takarkari tun ina goyo har na yi furfura. Kada ka sake ɗora ni.” Ya yi mata alkawari. Muddin tafkin na nan, alkawarin na nan.

Wata ranar kasuwar Kurfi, Alhaji na zaune a rumfarsa da sabon rawani, sai ga taubashinsa Ma'u, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Ya durƙusa a gabansa ya ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, Sarkin Giɓi! Ka tafi har Makka ka toshe na baki, ka dawo Allah ya ba ka wani a bayan gari.”

Rumfa ta kwashe da dariya. Alhaji ma ya yi dariyar, amma ba ta wuce haƙorin ba. Kafin kasuwa ta watse, har masu awo suna kiransa da sunan.

Da wani mutumin ne, da ya bari maganar ta mutu da kanta. Alhaji Hudu kuwa ya aika Dutsin-Ma aka kawo siminti da magina. Suka cike giɓin da dutse da siminti har ya yi daidai da kan ganuwa, aka shafe da farar ƙasa. Daga nesa yana walƙiya.

Jibo ya zo har ƙofar gida ya yi sallama, ya tsuguna daga gefe.

“Alhaji, na ga aiki. To ruwan ta ina zai fita?”

“Wa ya ce maka ina so ya fita? Ruwa muke nema ko zubar da shi?”

“Kana wurin ranar da aka yi bayani, Alhaji. Kusa da ni ka tsaya.”

Alhaji ya dubi mutanen da ke zaune da shi. “Ku ji mini. Mutumin da ɗakinsa na kara ne, iska ta taso ya bi shi da gudu, shi ya zo koya mini gini. Tashi, Jibo, ka bar warin nono a ƙofata.”

Suka yi dariya. Dattawa ne, kowannensu ya ji bayanin da kunnensa, kowannensu ya san gaskiyar Jibo. Amma goron Alhaji na cikin bakinsu, suka ci gaba da tauna.

Ma'u ma ya zo, wannan karon babu durƙuso.

“Kai Hudu, wasa fa nake. Tsakanina da kai ne, mene ne haɗinsa da ganuwa? Ka buɗe wurin nan. In kana so, daga yau ni ne Sarkin Giɓi.”

“Ai wasa ya ƙare,” in ji Alhaji. “Je ka duba, ko allura ba za ta shiga ba. Bana in ya cika, Tafkin Alhaji Hudu za a riƙa ce masa. Wace ce dinya da za a ba ta tafki?”

A shekarar ba a yi gayya ba. Gafiya ta yi ta haƙa a tsakiyar ganuwa, ƙasar wurin ta ɗan lotsa. Babu wanda ya duba, domin idon kowa na kan farin gini.

Damina ta yi albarka. Da marka ta kama, ruwa ya hau inda bai taɓa hawa ba, ya shanye ciyawar bakin tafki inda dinya ke ƙyanƙyasa. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, ya gayyaci jama'a su zo su gani. Aka shimfiɗa masa tabarma a kan ganuwa, maroƙi na gefe yana kiran sabon sunan tafki.

Jibo da Ma'u suka iso da diga a kafaɗa. Ƙorama na ta kwararo ruwa daga tudu, tafkin kuma ba shi da inda zai kai shi.

“Hudu, don Allah,” in ji Ma'u. “Ko kamu ɗaya ne mu fasa.”

“Duk wanda ya taɓa mini gini, sai dai mu haɗu gaban alƙali.”

Bai rufe baki ba wata mata ta ce, “La! Ku dubi can.”

A tsakiyar ganuwa, inda ta lotsa, ruwa ya fara tsallakawa. Siriri ne, kamar an zubar da buta. Sai ya yi ja. Sai ya yanka hanya. Jibo da Ma'u suka ruga suka hau ginin da diga, amma Alhaji bai yi ƙarya ba, simintin mai kyau ne. Digar tana tashi kamar ta bugi dutse.

Ganuwar ta buɗe. Jama'a suka watse, maroƙin ne a gaba. Alhaji ya bar takalmansa a kan tabarma, rawanin Wakilin Tafki ya warware ya maƙale a ƙaya, bai waiwaya ba. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma kafin la'asar babu tafki. Sai laka, da kifi na tsalle a cikinta, da tsuntsaye na kewaya sama suna neman inda za su sauka.

Da rani ya shigo, rijiyoyin ƙauye ba su iya shayar da garke ba. Jibo ya jira har shanunsa suka fara faɗuwa. Sannan ya kwance bukkoki, ya ɗauki Inna da hannunsa ya ɗora ta a kan takarkari, bai iya duban fuskarta ba.

Hanyar kudu ta ƙofar Alhaji ta bi. Yana zaune da dattawansa. Inna ta sa aka tsayar da takarkarin.

“Wannan ne Alhajin?” Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, a hankali. “Ashe ƙarami ne. Mu tafi, Jibo.”

Ba ta ga wata damina ba. A can kudu aka binne ta, a dajin da ba ta san kowa ba.

Ganuwar kuwa ruwa ya ci gaba da cinta shekara bayan shekara har ta baje. Abu ɗaya ne ya ƙi faɗuwa: farin ginin Alhaji, tsaye shi kaɗai a fili, babu komai damansa, babu komai hagunsa. Matan da ke wucewa da tuluna zuwa ɗibar ruwa mai nisa su suka raɗa masa suna. Suka ce Haƙorin Alhaji Hudu. Ya so a riƙa kiran sunansa a wurin, an kuwa kira.

An ce daga nan har ya bar duniya, in zai yi magana a cikin mutane, sai ya sa hannu a baki.

Darasi: In aka ba ka amanar abin da jama'a ke rayuwa da shi, ka kula da lafiyarsa, ba yadda yake fito da kai ba. Kada zolaya ta sa ka toshe abin da aka bari a buɗe da dalili. Wanda kuma ya san gaskiya ya yi shiru don goro, da shi aka fasa ganuwar. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu riƙe da amanar jama'a.