Butar Tasalla da Rijiyar Ciyaman

Kai, ku fa kun cika tambaya! Ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Shekarar da gwamnati ta turo masu bincike ƙaramar hukumarmu, ciyaman ya kira Tasalla mai daddawa, don maganarta ce ake yarda da ita a ƙauyenmu. A takarda ya haƙa mana rijiyar burtsatse, mu kuwa ruwan rafi muke sha da shanu.

Ya ce, "Iya, gobe za ki rantse da Alƙur'ani a gaban baƙi cewa ruwan rijiyata kuke sha. In kin ƙi, rumfarki ta kasuwa ta tafi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai mai sauƙi ne."

Washegari aka taru, aka kawo Alƙur'ani. Tasalla ta naɗe hannu.

Babban mai bincike ya ce, "Baba, me kike jira?"

"Ɗana, ana dafa Alƙur'ani ba alwala? Kuma tunda kan rijiyar zan rantse, da ruwanta zan yi." Ta miƙa wa ciyaman buta. "Ɗebo min, Alhaji. Kai ka san inda ka haƙa ta."

Ciyaman ya ce, "Ai… da ɗan nisa."

Mai bincike ya miƙe. "Ba komai, ga mota. Mu raka ka."

Ranar aka sauke ciyaman, rumfa kuwa har yau jikarta ke ciki.

To, ku tashi ku kwanta. Wanda ya jiƙa min tabarma, shi zai wanke.