Shari'ar Aura da Ƙosau Ɗan Kokawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. To, tun da kun amsa, ku gyara zama. Wanda ya san zai tsargu ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce da shi nake.

A wani gari, ba zan faɗi sunansa ba don ina da surukai a can, an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Tabawa. Ba ɗa, ba jika. Abin da ta mallaka duk duniya macen jaki ce guda, fara kamar kindirmo, ana ce mata Aura. Aura ke ɗauko yumɓu daga bakin rafi, Aura ke kai tukwane kasuwa. Ranar da Aura ta kwanta, ranar Tabawa ta kwana da yunwa. Kuma kowa a garin ya san Tabawa ba ta taɓa ɗaure ta ba. Ko igiya babu a gidan. In an yi mata magana sai ta ce, "Wa ke ɗaure ƙanwarsa?"

A gadon bayan Aura kullum akwai Carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke cire wa dabbobi kaska. Bakinsa ba ya hutu. In kaska ta ƙare sai ya koma gulma.

A garin kuma akwai wani ɗan kokawa, Ƙosau. Shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba. Rannan sai ga wani baƙo siriri kamar sillen kara, ya shigo fage, ya ɗaga Ƙosau ya maka shi da ƙasa, tim! Mata suka yi guɗa. Ƙosau ya tashi yana kakkaɓe ƙura, bai zame ko'ina ba sai gidan boka.

Boka ya ba shi laya. Aka sake karawa, aka kayar da shi.

Ya koma. Boka ya ba shi guru na jan fata mai dogayen igiyoyi, ya ce ya ɗaura a ƙugu, kada ya cire ko wanka zai yi. Aka sake karawa, aka kayar da shi.

Ya koma na uku, idonsa ja wur. Boka ya duba jakar ƙaryarsa ya ga ta ƙare. Sai ya ce a ransa, bari in faɗa masa abin da babu mai hankalin da zai yi, in an sake kayar da shi in ce bai cika sharaɗi ba.

Ya ce, "Saura magani ɗaya. Ka nemi farar macen jaki, ka kusance ta yadda namiji ke kusantar iyalinsa. Ƙarfinta zai komo jikinka."

Ƙosau ya ce, "Boka, jaki fa ka ce?"

Boka ya ce, "Ai na san ba za ka iya ba."

Kun ji kalmar da ta kashe shi. Akwai mazan da in kana so su faɗa rijiya, ba sai ka tura su ba. Ka ce musu ba za su iya ba kawai.

Ranar da Tabawa ke gasa tukwane, Aura kan tafi kiwo bakin rafi ita kaɗai. Ƙosau ya sani. Rana tsaka, gari ya yi tsit, sai ga shi yana sanɗa.

Carki ya ce, "Aura, wannan tafiyar ba ta alheri ba ce."

Ƙosau ya kai hannu, Aura ta goce. Ya sake, ta goce. Ya sake na uku, sai ta juya ta zuba masa harbi a haƙarƙari, ƙum! Ya durƙusa yana nishi. Da ya tashi ya nemi igiya babu, sai ya yanke igiyoyin gurunsa, ya kayar da ita irin kayen fage, ya ɗaure ƙafafunta huɗu tamau. Carki ya yi ta kururuwa yana kai masa cizo a kunne, Ƙosau ya jefe shi da hoge. Abin da ya biyo baya, bakina ba zai ɗauka ba, kunnuwanku ma ba sa bukata.

Da la'asar Aura ta dawo gida tana ɗingishi, kowace ƙafa da jan zobe. Tabawa ta zaci jini ne, ta wanke, ta sake wankewa, bai fita ba. Ta ce, "Ƙanwata, me ya same ki?" Aura ta juya kai ga bango. Ko dusa ba ta taɓa ba.

Ba a yi mako biyu ba sai zazzaɓi ya kayar da Ƙosau, kayen da ya fi na baƙo. Ƙuraje suka feso masa, gaba ya kumbura, gaɓoɓi suka riƙe. Aka kira wanzami. Wanzami ya duba, ya ja da baya, ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki. Ciwon nan a garke na san shi, ban san shi a ɗakin mutum ba. Ƙosau, ina ka je?"

Asirin da ya shiga kunnen wanzami kuwa, kamar an zuba ruwa a kwando ne. Kafin azahar har 'yan koli sun ji.

Da Ƙosau ya ga magana ta fasu, sai ya riga kowa kai ƙara. Aka ɗauke shi a kan amalanke zuwa gaban alƙali, ya sha babbar riga, ya ƙudundune cikin bargo. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jakar Tabawa ba jaka ba ce, aljana ce. Ina wucewa ta kira sunana sau uku. Daga nan ban san inda kaina yake ba. Ko taɓa ta ban yi da nufi ba."

To, garin suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. In irin wannan ta faru, sai a yanka dabbar a ƙone ta kafin rana ta faɗi, shi kuwa mutumin a ce asiri aka yi masa, a shafa masa addu'a ya tafi gida. Al'ada mai sauƙi, don ba a taɓa jin dangin akuya sun ɗaukaka ƙara ba.

Aka jawo Aura gindin tsamiyar alƙali. Samari suka kwaso itace, kuma itacen gashin tukwanen Tabawa suka kwaso, suka jibge a fili. Mahauci ya zauna yana wasa wuƙa a dutse, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Tabawa ta faɗi gaban alƙali. Ta ce, "Malam, shekara goma sha biyu muna tare. Aljanar da za ta yarda ta ɗauki yumɓu shekara goma sha biyu don dusa, ai wannan aljanar ta ji kunya."

Alƙali ya ce, "Iya, kin gani da idonki?"

Ta ce, "Ban gani ba."

"To, koma ki zauna."

Sai Aura ta ɗaga kai, ta buɗe baki a karon farko. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban kira kowa ba. Ciyawa nake ci."

Jama'a suka ɗauka, "Kun ji ko! Za ta yi wa alƙali irin wanda ta yi wa Ƙosau!"

Alƙali ya ɗaga hannu. Ya ce, "Aura, ki yi haƙuri. Dabba ba ta da baki a wurin shari'a."

Sai Carki ya sauko kan buzun alƙali, ya karkata kai. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni jahili ne, a ƙara mini sani. Ba ta da bakin da za ta ce ba ta yi ba?"

"Ba ta da shi."

"To, ranar nan a bakin rafi, da wane bakin ta ce ta yarda?"

Mahauci ya dakata da wasa wuƙa. Alƙali ya shafa gemu ya daɗe yana shafa. Can ya ce, "Tambayarka ta fi ƙarfin jikinka. Amma kai ma tsuntsu ne, shaidarka ba ta hawa. Ka ga inuwar tsamiyar nan? In ta taɓa waccan katangar ba ka kawo mini abin da ido zai gani ba, zan bar gari da al'adarsa."

Tsakanin inuwa da katanga bai fi taku uku ba.

Carki ya ce, "A dubi ƙafafunta. Wannan jan na rinin fata ne."

Ƙosau ya ce daga cikin bargo, "Lallen aljanu ne. Kowa ya san aljanu na ƙunshi."

Tsofaffi suka gyaɗa kai, kamar jiya suka dawo daga bikin aljanun.

Carki ya ce, "To, ya cire riga a ga haƙarƙarinsa."

Alƙali ya ce, "Ba na tuɓe marar lafiya a bainar jama'a kan maganar tsuntsu."

Inuwa ta ci taku ɗaya. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Carki ya tashi fir. A bayan taro ya hango Nomau, makaɗin Ƙosau, ya zauna kan gangarsa ya yi tagumi. Ya sauka a kafaɗarsa ya ce, "Nomau, ashe haka amana take? Ubangidanka yana kwance kamar tsumma, ga baƙon da ya kayar da shi can yana leƙe yana murmushi, kai kana zaune kan ganga kamar kaza kan ƙwai."

Nomau ya ce, "Me zan yi? Nan wurin shari'a ne."

Carki ya ce, "Sau nawa aka kayar da shi, takensa ya tashe shi? Ko dai hannun ne ya mutu?"

Makaɗi ma ɗan'uwan ɗan kokawa ne wajen rashin son a ce ba zai iya ba. Inuwa ta ci taku biyu. Nomau ya rataya ganga.

Ku da ba ku taso a gidan 'yan kokawa ba, bari in gaya muku. Ɗan kokawa yana iya jin kiran uwarsa ya yi shiru. Yana iya jin gobara ya gyara kwanciya. Amma ba ya jin takensa ya zauna da riga a jiki.

Ganga ta ce:

"Ƙosau katangar dutse,
A jingina a sha inuwa,
A tura a karya kafaɗa!"

Babban yatsan Ƙosau ya motsa a ƙarƙashin bargo. Dogari ya daka wa Nomau tsawa. Nomau ya ƙara wuta. Kafaɗun Ƙosau suka fara rawa, ya cije leɓe, gumi yana zuba. Nomau ya buga na uku, ya haɗa da kirari da baki, sai Ƙosau ya yi wani irin kuka, ya yi jifa da bargo, ya fizge riga ta kai, ya dira tsakiyar fili hannu a sama yana cewa, "Sai ni! Sai ni Ƙosau na..."

Bai ƙarasa ba. Ganga ta mutu a hannun Nomau.

Ga shatin kofato nan a haƙarƙarinsa, baƙi ƙirin, kamar an buga hatimi. Ga guru a ƙugu, igiyoyin jan fata an yanke su, an maye gurbinsu da igiyar rama.

Alƙali ya miƙe da kansa. Ya jiƙa gefen rawaninsa, ya goga a gurun, ya fito ja. Ya kai kusa da ƙafar Aura, launi ɗaya. Ya ce, "Ƙosau, wadda ta kira ka, me ya sa ta harbe ka? Wadda ta yarda, me ya sa ka ɗaure ta?"

Ƙosau ya zube ya ce, "Boka ne ya ce."

Alƙali ya ce, "Da ya ce ka haɗiyi garwashi fa?"

Inuwa ta taɓa katanga. Kuna tsammani an gama? Ina! Wani dattijo ya tashi ya ce, "Duk da haka a ƙone ta, Malam. In muka bar ta, kullum muka gan ta za mu tuna da wannan abin kunya."

Tabawa ta tashi, ta rungume wuyan Aura. Ta ce, "Ku tuna mana! Kun ƙone ta fari kun manta, kun ƙone ta biyu kun manta, ga shi mun zo ta yau. Wanda zai yanka ta ya fara da ni, wuyana ya fi laushi."

Mahauci ya dubi wuƙarsa, ya dubi alƙali, ya mayar da ita kube ba wanda ya ce masa.

Alƙali ya yanke hukunci. Ya ce laifi yana kan mai hankali, don shi aka ba zaɓi. A mayar wa Tabawa itacenta. A keɓe Aura kwana arba'in ana duba lafiyarta, kada a ɗora mata ko tsinke. Ƙosau ya zauna a hannun masu magani, kada ya kusanci matarsa sai an tabbatar ya warke, don ita ba ta je bakin rafi ba. In ya warke ya karɓi bulalarsa a wannan fili. Sannan shekara guda cur shi zai riƙa ɗauko wa Tabawa yumɓu a ka. Aka aika a kamo boka, aka tarar har ya tsallake rafi, ya bar takalmi ɗaya.

Ƙosau ya warke, amma ciwon ya tafi da ƙarfin da ya je nema ƙari. Bai sake shiga fage ba. Kullum da hantsi ana ganinsa da kwandon yumɓu, Carki yana binsa daga reshe zuwa reshe yana cewa, "Katangar dutse, a yi a hankali, kada a zubar wa Iya da kaya."

Jan da ke ƙafar Aura sai da damina ta zagayo ya goge. Amma har ta tsufa, in ta ji takun namiji a bayanta sai ta daina cin ciyawa, ta tsaya cik. Wannan tsoron kam, alƙali bai iya cire mata shi ba.

Abin da ke ciki ke nan. Dabba amana ce a hannun mutum, kuma wanda ba shi da bakin cewa a'a bai taɓa ce maka i ba. In kuma wani ya ce ba za ka iya wani abin ba, wataƙila yabonka ya yi, ka karɓa ka gode.

Ƙurunƙus! Ta tafi da ƙafarta, ba wanda ya ɗaure ta.