Katangar Buwai Maikanwa

An ruwaito daga wata tsohuwar takarda ta Birnin Tsamiya, rubutun wata mata mai suna Yalwa, wadda karatunta bai yi nisa ba. Ga abin da ta rubuta:

Na rasa mijina Tanko baduku, na sami jakuna. Ga yadda aka yi.

Shekara goma Tanko yana ɗinkin fata a gindin katangar attajiri Buwai Maikanwa. Da damina katangar ta tsage, ta yi ciki. Ranar Laraba da hantsi rabinta ya rufta masa. Da hannuna na tono shi.

Buwai ya aiko mini da turmin zane da goro, wai ƙaddara ce. Na mayar masa, na tafi fada.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, mene ne tsakanin ƙaddara da abin da ake gani tafe? Ki raba mini su, in yi hukunci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malama ba ce, amma ina da labari. An yi wani mai dukiya da ke ɗaure jakuna tara a gindin katanga. Ranar Lahadi ya dubi tsagar, ya sa aka mai da su ƙarƙashin kuka. Ya wuce baduku a wurin, ya ce masa sannu da aiki."

Buwai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, inuwa kawai na canza musu!"

Waziri ya ce, "To, rabin katangar na nan tsaye. Ka shimfiɗa tabarmarka a gindinta har kaka, tunda ba ka ga komai ba."

Gumi ya fara ɗiga daga gemun Buwai. Sarki ya ce, "Abin da mutum ya kawar da dabbarsa daga gare shi, ya gan shi tafe. Kada ya jingina wa Allah. Yalwa, faɗi abin da za ki karɓa."

Buwai ya yi saurin cewa jaki biyu. Na ce albarka, ko takalman Tanko sun fi haka. Ya ce biyar. Na gyara mayafina na miƙe.

Ya ce, "Haba, uwar gida, ki ji tausayi."

Na ce, "Ka ji na jakuna, ya isa."

Na sallama a kan duka taran, da mangalolinsu cike da kanwa, kuma ya rushe sauran katangar da hannunsa, ina zaune ina kallo.