Baba Tela da Jikar da Ke Guje wa Waya

Akwai wani malami da ke koyar da manya Turanci da yamma, bayan ya sha fama da ajin yara tun safe. Kafin ya iso wajen manyan, murya ta dushe, ƙafa ta yi nauyi. Fankar ajin ta daɗe da mutuwa, allon kuma sai an danna alli da ƙarfi rubutu ke fitowa.

A cikin ɗalibansa akwai wani tsoho da ake kira Baba Tela. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen ganewa. Waɗanda suka fara tare sun shiga littafi na gaba, shi yana nan a shafukan farko. In an tambaye shi sai ya yi ta sosa ƙeya, 'yan aji suna hamma.

Wata rana malamin ya gaji iya gajiya. Da aka tashi sai ya tsayar da shi.

"Baba, don Allah kada ka ji haushi. Ba jarrabawa za ka rubuta ba, ba aiki kake nema ba. Me ya sa kake wahalar da kanka?"

Tsohon ya ciro waya ya nuna masa hoton wata 'yar yarinya mai giɓi.

"Jikata ce. A can ƙasar da 'yata ke aure aka haife ta, Turanci kawai take ji. Duk mako uwarta na kira don mu ga juna ta waya. In ce mata amaryata, ta zuba mini ido. Ta yi nata surutun, in zuba mata ido. Yanzu da ta ji muryata sai ta gudu bayan kujera. Malam, na tsufa. Ba na so in tafi ban taɓa ba ta dariya ba."

Kunya ta rufe malamin. Ashe duk tsawon lokacin nan yana ta ɗura wa bawan Allah yadda ake neman aiki da tambayar hanyar tashar jirgi.

Gida yake so ya tafi, bayansa har ciwo yake. Amma ya ajiye jaka, ya rufe littafin.

"Baba, tambaya ɗaya tak zan koya maka da Turanci: mene ne wannan? In an kira, ka ɗaga almakashinka ka yi mata ita. Daga yau jikarka ce malamarka."

"Yarinyar da ko haƙoranta ba su cika ba?"

"Ai ni mai cikakkun haƙoran na gwada, Baba, ka ga inda muka tsaya."

Tambayar ɗayar ma sai da ta ba su wahala. Suka yi ta maimaici har muryar malam ta ƙarasa tafiya.

A kiran farko yarinyar ta leƙo daga bayan kujera, ta faɗi sunan almakashi, ta sake ɓuya. A na gaba ya ɗaga maɓalli, sannan zare, sannan allura. Yana maimaitawa a karkace, ita kuwa tana dariya har da faɗuwa tana gyara masa.

Malamin ya kawo dabarar cikin aji. Kowa ya riƙa zuwa da kayan sana'arsa ana tambayar juna. Fanka dai ba ta gyaru ba, gajiyar malam ma tana nan, amma hamma ta ragu.

Sai ga shi wata rana Baba Tela ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye wa malam sabuwar riga a kan tebur.

"Na ga wuyan taka ya gaji kamar mai ita."

Malam ya yi godiya, sai ya lura idanun tsohon sun yi ja. "Lafiya dai, Baba?"

"Yanzu muka gama waya. Ta ɗauko almakashin uwarta ta ɗaga mini, ta ce da harshenmu, 'Kaka, mene ne wannan?' Wai ita ta nace sai an koya mata."

"Me ka ce mata?"

"Malam, tun ina saurayi nake riƙe da almakashi, amma yau sunansa ya ƙi fitowa. Kuka kawai na yi."

Darasi: Kafin ka yanke wa ɗalibi hukuncin rashin ganewa, ka tambaye shi abin da ya kawo shi. Haƙurin da ka yi kana gajiye zai iya haɗa zumuncin da nisa ya kusa rabawa. Ku tura wa duk malamin da kuka san yana koyarwa cikin gajiya.