Biri da Giginya Mai Kai Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

To, ta zo mu ji ta.

Wani Biri ne, sarkin iya yi, uwarsa ta mutu ta bar masa giginya ɗaya tal. Tun yana goye ta shuka ta, bana ne za ta fara 'ya'ya.

Ran nan ya ga maƙwabciyarsa Zomanya tana tsinke kan zogalenta. Kafin wata ya zagayo, zogale ya fesa rassa ko'ina. Sai ƙyashi ya kama Biri. Ya ce in zogale, abincin talaka, ya yi kai goma, giginyarsa sai ta yi ɗari. Ya wasa wuƙa, ya hau.

A can ƙoli ya tarar da Tururuwa, wadda a nan take zaune. Ta ce ya dakata.

"Ƙarƙashin wannan toho akwai 'yan ɗakuna, ni ma da ƙyar nake ganinsu. Ɗaya ya rabu biyu, biyu su zama huɗu. Na tsakiya su ɗaga gangar jiki sama, na gefe su kumburo su zama ganye. Zogale yana da irin wannan wurin a hammatar kowane ganye. Giginyarka nan kaɗai gare ta."

Biri ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ya ce abin da bai kai ƙwayar gero ba shi ne zai koya masa noma? Sai ya sara.

Ta ce ya tuna wahalar uwarsa. Ya ce uwarsa ba ta waye ba. Sai ya ƙara sara.

Ta ce saura kiris ya kai ga 'yan ɗakunan. Ya hure ta, ya ƙwaƙule tohon, har ya tauna. Wai ma da zaƙi.

Ya sauko ya gayyaci dawa kaf kallon kai ɗari. Sati ya wuce, shiru. Wata ya wuce, shiru. Damina ta zo ta tafi, tsofaffin ganyen suka bushe suka zube ɗaya bayan ɗaya, babu sabo da zai gaje su. Giginya ta tsaya tsirara kamar taɓarya.

Ni dai ban ji tausayinsa ba. Ya ga hannun Zomanya, bai tambayi dalili ba, kuma wadda ta san cikin abin ya raina ta don ƙanƙanta.

Tururuwa ta koma kan zogale. Biri kuwa har yau 'ya'yan giginyar wasu yake sata, ana jifansa.

Ƙurunƙus, kan busasshen kututture.